Kafin Ka Ɗauki Nauyin Bizar Ɗan'uwa

'Yan'uwa matasa, musamman ku da ke karatu ko aiki a Ingila, kun saba jin roƙon nan daga gida: "Aiko mini da takardar gayyata." Taimakon dangi abu ne mai kyau, amma kada kunya ta sa ka ce to alhali aljihunka bai kai ba.

Bizar ziyara ta Ingila ta zaman wata 6 ce, kuma ba ta ba mutum izinin kama aiki. In ka rubuta cewa masauki da abinci da kuɗin jirgi suna wuyanka, za a duba takardun bankinka. Wasu kan ranto kuɗi su zuba a asusu na 'yan kwanaki don a ɗauka nasu ne. Wannan ƙarya ce. In aka gano yaudara, ana iya hana ɗan'uwan shiga ƙasar har shekara 10, kuɗin bizar kuma ya tafi ke nan.

Ka tambaye shi tsakani da Allah ko zai koma gida kan lokaci. In ba za ka iya bana ba, faɗa masa cikin ƙauna. Gara ya yi fushi yau da a rufe masa ƙofa gobe. Ubangiji ya ba mu hikima.