Wanda Ya Riƙe Majigi Shi Ke Da Bango

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: katafaren gini da daddare, sai ka ga ya tsage furanni sun ɓullo, ko ya narke kamar kitse a wuta. Babu abin da ya taɓa ginin, hasken majigi ne aka daidaita da jikinsa. Abin yana da kyau, ban musa ba. Abin da na musa shi ne maganar da masu shirya irin wannan wasa ke fakewa da ita, wai ai haske ne kawai, gari na wayewa ya ɓace, don haka ba ruwan kowa da abin da aka haska. Hujjata tana birnin Sidni na ƙasar Ostireliya.

A bakin ruwan birnin akwai gidan wasannin Opera, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. Jørn Utzon, ɗan ƙasar Denmak, ya zana shi, aka buɗe shi a 1973, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 2007. Tun 2009 ake haska zane a kan rufin lokacin bikin Vivid Sydney. Daga 2017 kuma aka fara Badu Gili, wato hasken ruwa a harshen mutanen Gadigal, inda ake nuna zanen ’yan asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu ke zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa.

A watan Oktoban 2018 hukumar tseren dawaki ta jihar ta nemi a haska tallar tserenta mai suna The Everest a kan rufin, tseren da kyautarsa ta kai dalar Ostireliya miliyan 13, kuma caca ce ke juya shi. Shugabar gidan, Louise Herron, ta ce ƙa’ida ta hana tambarin kasuwanci, ta yarda a haska launin rigunan mahaya kawai. Wani fitaccen mai shirin rediyo, Alan Jones, ya zazzage ta kai tsaye jama’a na saurare, har ya ce a kore ta. Shugabar gwamnatin jihar, Gladys Berejiklian, ta ba da umarni a haska. Firaminista Scott Morrison kuwa ya kira ginin allon talla mafi girma da birnin ke da shi. Mutum fiye da 300,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, kuma a daren 9 ga Oktoba masu zanga-zanga suka taru da tocila suna dallare rufin don su dusashe tallar. Da haske ba komai ba ne, me ya fito da su daga gidajensu? Me ya sa masu dawaki suka nace sai wannan rufin?

Sana’ata rubuta manhaja ce, shi ya sa lamarin ya fi tsaya mini a rai. Wahalar wannan aiki a farkonsa take. Sai an auna ginin, an gina kwafinsa a kwamfuta, an jera majigi da yawa, an daidaita gefen hasken kowanne da na maƙwabcinsa don kada a ga gaɓa. Da an gama, na’ura ba ta san bambancin zanen mai fasaha da tambarin kamfani ba. Fayil ne, ka cire wannan ka saka wancan. Ke nan duk birnin da ya kafa majigi don fasaha ya riga ya gina allon talla, abin da ya rage kawai shi ne wa zai ce a canja fayil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a Sidni umarnin ’yar siyasa ɗaya ya isa ya tsaga shi.

Za a ce biki sai da kuɗi, kuma mai ɗaukar nauyi dole a ambace shi. Gaskiya ne. A ambace shi a takardar shiri da ƙofar shiga. Tallar waya kana iya tsallake ta, ta talabijin ka canja tasha. Ginin da ya cika sararin gari ba ya tsallakuwa. Yaro da babba, ɗan caca da wanda caca ta cinye gidansa, kowa sai ya gani.

Za a kuma ce ai masu fasaha ma sun sha haska gini ba da izini ba. Haka ne. A 1985 Krzysztof Wodiczko, haifaffen ƙasar Folan, yana aikin haske a dandalin Trafalgar na Landan, sai ya karkata majiginsa ya ɗora alamar ’yan Nazi a goshin ofishin jakadancin Afirka ta Kudu, lokacin mulkin wariyar launin fata. Bayan kamar awa 2 ’yan sanda suka tsayar da shi. To ga ma’aunin da nake bi: ɗauke hoton ka kai shi wani bango. Na Wodiczko zai rasa ma’anarsa, domin da wancan ginin yake magana, da abin da ake karewa a cikinsa. Badu Gili ma da ƙasar da aka yi gini a kanta yake magana. Lambobin dawaki kuwa ko a katangar gareji saƙonsu ɗaya ne. Girman ginin kawai suka zo ara.

Don haka duk birnin da zai haska gininsa na jama’a ya rubuta ƙa’ida a fili: me aka yarda, me aka hana, wa ke yanke hukunci. Kuma ta zama ƙa’idar da mai mulki ba zai iya ture ta da umarnin rana ɗaya ba. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura bidiyon gaba, tambayi wa ya biya, kuma me ya samu. Idan tambari ne a jikin ginin jama’a, tura shi da ka yi ma yana cikin abin da aka saya.