Baƙin Mai, Rasit da Garanti: Kafin Inji Ya Buga

Wannan makon maganar baƙin mai za mu yi, kuma ina roƙon iyayenmu mata kada su tsallake shafin su ce zancen kanikawa ne. A gidajenmu da yawa, daga Kumasi zuwa Lome har Duwala, babbar mota guda ce ke ɗauke da kuɗin makarantar yara, da haya, da ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a gida. Ranar da injinta ya buga, har tukunya sai ta ji a jikinta.

Shekarun nan 'yan kasuwarmu da dama sun fara barin tsofaffin motoci 'yan Beljiyam, suna haɗa kuɗi da 'yan'uwa ko su ci bashin banki su sayi sabuwa fil daga kamfani. Abubuwa biyu mai sayarwa ke jan hankalinsu da su. Na farko garanti. Na biyu ya ce maka wannan inji ba irin na da ba ne, sai ka yi doguwar tafiya kafin ka yi juye. Ba ƙarya ya yi ba. Akwai manyan motocin Turai da littafinsu ya yarda a yi kilomita 100,000 har da ɗoriya da mai ɗaya. Abin da ba ya faɗa maka shi ne wa aka rubuta wa wannan lissafi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin inji. Baƙin mai ba santsi kawai yake bayarwa ba. Yana sanyaya ƙarfe, yana wanke shi, yana kuma riƙe datti a jikinsa har ranar da za a juye shi. Injin gas, wato dizal ko gazuwal kamar yadda mutanen Nijar ke cewa, yana fitar da baƙin hayaƙi mai yawa, wani kuma yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. Shi ya sa ko yau ka zuba sabon mai, jibi za ka gan shi baƙi ƙirin, kuma wannan ba laifi ba ne. An zuba wa man magungunan da ke hana kunkunniyar nan haɗuwa wuri ɗaya. Amma magani yana ƙarewa. In ya ƙare, sai kunkunniya da zafi da laima su haɗu su yi kauri, ya koma kamar kwaltar da aka narka ta fara sanyi. Ya like a murfin saman inji, ya kwanta a kaskon ƙasa, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Yawanci tarbo ne ke fara kuka, domin ƙaramar hanya ce ke kai masa mai kuma gudunsa ya fi na kowa. Daga nan metal ya cinye, kiranshaf ya ƙuje, shi ke nan.

To, wancan lissafi na kilomita 100,000 an yi shi ne don motar da ke tafiya a kan titi mai laushi, gudu ɗaya tun safe har yamma, da lodin da bai wuce ƙa'ida ba, tana shan gas mai tsabta. A Tarayyar Turai tun 2009 farar wutar da ke cikin gas, wadda Bature ke kira sulfa, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Mu kuwa a nan an daɗe ana sayar mana da mai kashi 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta Switzerland mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya tona asirin manyan dillalan da ke haɗa gas mai datti musamman don kasuwar Afirka. Bayan nan Gana ta rage iyakarta zuwa 50 a 2017, sannan ECOWAS ta amince da 50 ɗin a taron Wagadugu na 2020. Madalla. Amma wannan doka ce ta tashar jirgin ruwa da babban gidan mai. Direban da gas ya yanke masa da daddare, ya sayi jarka biyar a bakin hanya, bai san me aka zuba masa ba, wani lokaci har da kananzir a ciki. Ita farar wuta in ta ƙone ta gamu da laima, asid take zama, shi kuma asid shi ke saurin cinye maganin da ke cikin baƙin mai. Littattafan motoci da yawa sun faɗa ƙarara cewa in farar wuta ta yi yawa a rage tazarar juye, wasu ma sun ce a raba ta biyu. Yana can shafin da ba mai buɗewa.

Sai ƙurar hunturu, wadda ke bin iyakilina mai tsaga ta shiga inji kamar garin yashi. Sai lodi. Kowa ya san yadda ake ɗora wa mota albasa a Galmi, ba sai na yi bayani ba.

Amma abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne silo. Mita tana ƙirga juyawar taya ne kawai. Motar da ke tsaye a layin boda a Paga ko Kusiri, inji a kunne don direba ya sha sanyi, ko ya yi cajin waya, ko don yana tsoron batir ya ƙi tashi, mita ba ta motsi, amma mai yana tsufa. Ya ma fi tsufa a haka, don a silo inji ba ya ɗaukar zafin da ya kamata, gas ba ya ƙonewa sosai, wani ya zube cikin mai ya tsinka shi. Kamfanin Ford, a littafin ƙananan motocinsa masu shan gas a Amurka, ya lissafa awa ɗaya ta silo a matsayin tafiyar kusan kilomita 40. Ba irin manyan motocinmu ba ne, amma mu ɗauki ma'aunin mu gwada. Kwana uku a boda, awa shida kullum inji na aiki, awa 18 ke nan, wato kamar kilomita 720 da mita ba ta san da su ba. Tsakanin Tema da Wagadugu gaba ɗaya kusan kilomita 1,000 ne. Waɗanda motocinsu suka maƙale makonni a Malanbil lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 sun san abin da nake faɗi. Shi ya sa mai hankali ke duba awannin inji tare da kilomita, ya bi wanda ya riga cika.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: man da ya fi tsada ba lallai ne ya fi dacewa da gas ɗinmu ba. Ku duba bayan galan za ku ga API da wasu haruffa. CK-4, wanda ya fito a 2016, an yi shi don sababbin injina da gas ɗin da farar wutarsa ba ta wuce 500 cikin miliyan ba. CI-4 kuwa, wanda ya girme shi, an yi shi ya jure har 5,000. Ban ce kowa ya canja mai da kansa ba, domin in motarka na cikin garanti dole ka bi abin da littafinta ya ce. Na dai ce ka tambaya, kuma a rubuta maka amsar.

Yanzu ga inda rigimar take. Garanti ba alkawarin gyara duk abin da ya lalace ba ne. Alkawari ne na gyara abin da kamfani ya yi kuskure wajen ƙera shi. In aka buɗe inji aka ga kwaltar nan, kalma ɗaya ce a bakinsu: sakaci. Daga nan nauyin kawo hujja ya dawo kanka.

Na zauna a irin wannan zama bara tare da wani surukina mai fataucin albasa. Motarsa ba ta cika shekara ba fitilar mai ta kama, kafin direba ya sami wurin fakin inji ya ɗauki ƙara. Aka jawo ta garejin kamfanin da ya sayar masa. Manajan, mutum mai ladabi, ya buɗe littafin sabis a gabanmu.

"Alhaji, hatimi biyu nake gani a nan. Ina sauran?"

"Ranka ya daɗe, sau huɗu aka yi juye. Biyu a nan wurinku, biyu a hanya. Ga direba nan, a tambaye shi."

"Ban ce ƙarya kake yi ba, Alhaji. Amma ba ni ke biya ba. Hotuna da takardu zan aika wa masu motar, kuma ba sa karɓar rantsuwa."

Wallahi na yarda an yi juyen nan. Na san direban, ba mai cin kuɗin mai ba ne. Amma bakaniken bakin hanya bai ba da rasit ba, ba wanda ya rubuta mita, galan ɗin ma an bar su can. Ko man na gaske ne ko irin wanda ake sake ɗurawa a tsohon galan a manne, Allah kaɗai ya sani. Alhaji ya sayar da filin da ya ajiye wa ɗansa na fari, ya gyara injin da kuɗinsa, ga bashin banki na tafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin mu iso an riga an juye man cikin durom tare da na wasu motoci. Wannan mai shi ne babban shaida. Ba duk kwalta ce ke zuwa daga sakaci ba. In gasket ya ƙone, ko na'urar sanyaya mai ta tsage a ciki, ruwan lagireto yana shiga cikin mai, ya mayar da shi kamar shayi mai madara, daga baya ya daskare. In nozul na yoyo, gas ne zai cika shi. Waɗannan a sabuwar mota suna iya zama laifin ƙira, kuma gwajin ɗakin bincike yana bambanta su da man da ya tsufa kawai. Kwalba ƙarama ta isa. Manyan dilolin injinan Caterpillar da wasu kamfanonin mai suna yin wannan gwaji. Saboda haka in motarka ta shiga gareji da matsalar inji, kafin a kwance ko noti ɗaya ka ce a ɗebi mai kwalba biyu a gabanka, a rufe, ku sa hannu, ɗaya wurinsu ɗaya wurinka. Filta ma kada a jefar.

Kada kuma a ɗauka kamfani ba ya sauka daga maganarsa. A Amurka masu motocin Toyota na 1997 zuwa 2002 sun yi ta kukan wannan kwalta, kamfanin ya fara da cewa rashin juye ne. Da ƙorafi ya yi yawa, a 2002 ya amince ya ɗauki nauyin gyaran har shekara takwas, aka kuma ƙarasa maganar da sulhu a kotu a 2007. Motocin fetur ne, ba na gas ba, amma ko a nan sai da aka nemi mutum ya nuna alamar yana kula da motarsa. Mu da ke zaune a ƙasar da ba tamu ba, takardar sayen ma wani lokaci da Faransanci ko Turancin lauyoyi aka rubuta ta, ƙarfinmu a gaban manaja bai wuce takardun da ke hannunmu ba.

Ranar sayen mota, kafin a biya, a tambayi abu uku kuma a rubuta su a jikin takarda: tazarar juye nawa ce a irin hanyarmu, ba ta littafi ba, wane mai da wace filta suka yarda da su, kuma in lokacin juye ya kama mota a Tamale ko Garwa inda ba su da gareji, me suka yarda a yi. Wasu suna da wakilai, wasu za su ce rasit da hoto sun isa, wasu za su ce dole sai wurinsu. Gara ka ji tun kuɗinka na aljihunka. A sani kuma, injinan zamani suna da kwamfuta da ke ajiye awannin aiki, da na silo, da lokutan da fitilar gargaɗi ta kama. In direba ya ci gaba da tafiya bayan ta kama, za su gani.

A nan ne aikin uwargida ya shigo. Alhaji yana kasuwa, direba yana hanya, takarda kuma a cikin mota ba ta daɗewa, ko mai ya ɓata ta ko yaron mota ya ƙunshe ƙosai da ita. A gidan surukin nan nawa yanzu Hajiya ce ke riƙe da littafi, irin na 'yan firamare. Duk juye, direba zai turo mata hotuna uku ta WhatsApp: fuskar mita, galan ɗin mai kafin a fasa marfinsu, da rasit mai ɗauke da lambar mota da kwanan wata. Ta rubuta, ta lissafa ranar na gaba. Mota irin wannan tana shan lita 30 zuwa 40 a juye ɗaya, don haka ta san galan nawa ya kamata ta gani a hoto. Kuɗin abincin tafiya ta gaba ma ba ya fita sai hotunan sun iso.

Da farko direban ya ji haushi, ya ce ana zarginsa ne. Hajiya ta ce masa, "Haba ɗana, ba kai nake tsaro ba. Ranar da manaja ya sake tambayar hatimi, wannan littafin ne zai wanke ka."

Masu motoci a hanyar Duwala zuwa Injamena sun aiko da tambaya kan filtar gas da ke toshewa kafin a kai Marwa. In Allah ya kai mu mako mai zuwa, ita za mu duba.