Kuɗin ganin giwa: lissafin tafiya Yankari daga Taura

Da zarar hutu ya gabato, sai makarantu da ƙungiyoyin matasa a Dutse da kewaye su fara shirya tafiya Yankari, wai yaro ya ga giwa da zaki da idonsa. Niyyar tana da kyau. Amma kafin uba a Taura ya kai buhun riɗi ko tunkiya kasuwar Gujungu don ya biya wa ɗansa, ya dace a zauna a lissafa abin da za a kashe da abin da za a samu.

Hanya ce ke fara cin kuɗin. Sai an bi ta Jahun da Kiyawa zuwa Dutse, a wuce Birnin Kudu da Ningi a shiga Bauchi. Daga Bauchi akwai sauran fiye da kilomita 100: a kama hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, a isa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara kimanin kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. Wuni guda zuwa, wuni guda dawowa, kwana ya zama dole. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, shatar mota ta zama abin da ake jinjinawa. Sai kuɗin ƙofa, da na ɗaki, da na motar zagaya daji da mai yi wa baƙi jagora, da abinci. Ga kuma fargabar da hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri suka jefa a zukatan iyaye.

To, me aka saya da wannan duka? Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma na Jihar Jigawa. Giwayen da suka rage a ciki ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, zakuna kuwa 'yan ƙalilan ne. Zagayen 'yan sa'o'i a gefen kogin Gaji ba zai ba kowa tabbacin haɗuwa da su ba. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Dabbobin suna taruwa a bakin ruwa ne a ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, tafkunan daji suka ƙafe. Dogon hutun makaranta kuwa yana faɗowa tsakiyar damina, sa'ad da ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun bazu. Wanda ya kai yara a watan Agusta ya biya cikakken kuɗi a lokacin da ya fi wuyar ganin komai.

Akwai abubuwan da ba sa saɓawa. Maɓuɓɓugar Wikki tana nan da ruwanta garai-garai, mai ɗumin digiri 31 rani da damina. Gwaggon biri da mugun dawa suna yawo a cikin sansanin kansa, ana kuma yawan cin karo da gwambaza. Wannan ma abin kallo ne, sai dai ba da shi ake tallata tafiyar ba.

Bidiyon namun daji da ke yawo a waya ya ƙara wa mutane dogon buri, alhali ko a wasu ƙasashe ganinsu ba tabbas. Indiya ta fara shirin kare damisarta mai ratsi-ratsi a 1973, kuma ƙidayar 2022 ta nuna kimanin 3,682. Duk da haka baƙo kan shiga gandun dajinsu ya fito bai ga ko ɗaya ba, kuma an tayar da ƙauyuka da dama daga gonakinsu kafin a kai ga wannan adadi.

Nan ma akwai masu biyan kuɗin da ba a rubuta musu rasit. Manomin da ke maƙwabtaka da Yankari, garken giwaye kan shiga gonarsa dare ɗaya ya tattake dawa da masarar shekara. Makiyayi an hana shi ciyawar da yake hange. Masu gadin daji suna fuskantar mafarauta masu bindiga, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006, kuma tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta Amurka ke taimakawa wajen sintiri. Ina ganin baƙo yana da haƙƙin tambayar nawa ne daga kuɗin ƙofarsa ke isa ga mai gadi da manomin nan, domin su ne ke riƙe da ran giwar da ya zo gani.

A gida kuma akwai fadamar Baturiya a Kirikasamma, wadda ta shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma tana cikin sabbin gandayen daji 10 na ƙasa da aka amince da su a 2020. Tsuntsayen Turai suna sauka a can lokacin hunturu. Daga Taura ana iya zuwa ta Hadeja a dawo rana ɗaya. Babu giwa, kuma wurin yana fama da nasa ciwon: madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamar, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Amma ruwan da ke shayar da ita shi ne kogin Hadeja da ke ratsa yankinmu, kuma malami zai iya nuna wa yaro yadda abin da aka yi a Tiga ke shafar masunci a Baturiya.

Wanda ya ƙudurta zuwa Yankari, ya tara kuɗinsa ya je a watan Maris, ya kwana biyu, ya fita zagaye da sassafe da kuma yamma. Makarantar da za ta karɓi kuɗin iyaye kuma ta faɗa musu watan tafiya, da yawan kwanaki, da dabbobin da ake da tabbacin gani, kafin a karɓi ko sisi.