Wane ne "ƙaramin" kamfani? Rigimar masu zanen gini a Amurka

Gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗora wa kanta burin bai wa ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin 100 na kuɗin kwangilolinta. Akwai ma ƙa'idar da ta ce idan ana sa ran kamfanoni ƙanana biyu ko fiye za su iya aiki a kan farashi mai kyau, sai a keɓe musu shi, manya su koma gefe. To, amma wa ke yanke cewa wane ƙarami ne? Hukumar SBA ce, kuma a harkar zanen gine-gine kuɗin da ke shiga kamfani a shekara take dubawa.

A 2011 hukumar ta kawo shawarar ɗaga iyakar daga dala miliyan 4.5 zuwa miliyan 19. Ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasar, AIA, ta ce ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce akasarin kamfanonin zane 'yan mutane kaɗan ne a ofis ɗaya. Idan aka kira mai miliyan 18 ƙarami, ai an koma zaman kashin dankali, na sama ya danne na ƙasa. A 2012 aka tsaya a miliyan 7, daga baya aka riƙa ƙarawa har ta kai miliyan 12.5.

Masu son a ɗaga iyakar su ma ba a banza suke kuka ba. Mai zane in ya karɓi kwangila, shi ke ɗauko injiniyoyin lantarki da na ruwa da masu lissafin ƙarfin gini, ya biya su daga kuɗin da aka ba shi. Kuɗin wucewa kawai yake yi ta hannunsa, amma hukuma ta ƙidaya shi duka a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kwangila biyu masu tsoka sun isa su fitar da shi daga sahun ƙanana, ya faɗa gasa da kamfanoni masu ma'aikata dubbai. Shi ya sa dokar 2018 ta sa a riƙa ɗaukar matsakaicin shekara biyar maimakon uku.

Ni a ganina matsalar tana jikin mudun awon. Kamata ya yi a cire abin da kamfani ya miƙa wa wasu kafin a auna shi. Ɗaga iyaka kaɗai matsakaita yake taimaka wa, ƙanana na gaske su sha ƙasa.

Mu ma a nan Gana, hukumar Ghana Enterprises Agency da aka kafa a 2020 tana rarraba kamfanoni bisa girmansu. 'Ya'yanmu na zango da ke karatun zanen gini a KNUST ta Kumasi, gobe da irin wannan awo za a auna ofisoshinsu. Gara mu riƙa tambayar abin da ake ƙidayawa tun ba a keɓe kwangilolin ba.