Agogo Mai Lokaci Biyu: Amfani Ko Ado?

'Yan'uwana ɗalibai, tun da dokar makaranta ta hana mu riƙe waya, agogon hannu ya sake yin daraja a wurinmu. Bana kuma yayi ya koma kan irin wanda ke nuna lokacin garuruwa da yawa. Ra'ayina shi ne, wannan agogo na mai bukatarsa ne. Wanda ba shi da kowa a wata ƙasa, gara ya adana kuɗinsa.

Da farko ya kamata mu san dalilin da ya sa lokaci ya bambanta. Malamin Labarin Ƙasa ya koya mana cewa duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. A shekarar 1884 aka yi taro a birnin Washington, aka amince a riƙa fara lissafi daga Greenwich ta Ingila. Shi ne agogon GMT da muke ji a rediyo. Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaba da shi da awa 1, Ghana kuwa daidai take da shi. Makka tana gabanmu da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi. Saboda irin wannan ne kamfanin Rolex ya ƙera wa matuƙan jirgin sama agogon GMT-Master a shekarun 1950. Aiki ne ya sa aka yi shi.

Ni ma ina da ɗan Casio mai lokaci biyu. Yayana da ke karatu a Madina ya kawo mini tsaraba. Ran ziyara, idan Inna ta zo da waya, sai in duba in ce mata, "Inna, dakata, yanzu suna sallar La'asar." A nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Amma ya taɓa ja mini. Wata rana da dare na bar shi a kan lokacin Madina na kwanta. Na farka na ga ƙarfe 5:30, na yi zumbur na bi gado-gado ina tashin mutane, wai mun makara sallar Asuba. Sai da aka fara alwala cikin sanyin hunturu mai gadi ya ce ai yanzu ƙarfe 3:30. Washegari shugaban ɗakinmu ya ba ni lauje, na yini ina yankan ciyawa. Har yau "Ɗan Madina" ake kirana.

Nawa mai sauƙi ne a kan na wani abokina. Ya kwashe kuɗin guzurinsa na zango guda ya sayi wani ƙato mai fuska huɗu. Bayan mako biyu muka gane cewa ƙananan fuskokin uku zane ne kawai, hannayensu ba sa motsi. Ya ƙare zangon yana roƙon gari da sukari, kuma kullum shi ne na ƙarshe zuwa aji. Ina amfanin sanin lokacin Tokyo ga wanda bai san lokacin karatun dare ba?

Wani zai ce ai kuɗinsa ne, kuma ado ba laifi ba ne. Haka ne, amma kuɗin na iyayenmu ne, da gumi suka samo shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Saboda haka, wanda ya zama dole ya saya, ga shawarata. Ya tsaya ya ga kowane hannu yana tafiya kafin ya biya. Ya nemi wanda ruwan alwala ba zai kashe shi ba, wanda kuma ake samun batirinsa a kasuwa. In ɗan'uwansa a Indiya yake, ya tabbata agogon yana karɓar rabin awa. In a Ingila ne, ya tuna cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna ƙara awa 1, lokacinsu ya zo daidai da namu. Kafin ya kwanta kuma, ya mai da shi kan lokacin gida.

Allah ya ba mu ikon kiyaye lokaci, amin.