A Bar Wa Sabis Ƙofa Tun Ana Zanen Gini

A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, ciniki a manyan kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Sabon Gari ya koma kan waya da na'urar POS kusan baki ɗaya. A nan ne wata illa ta benayen shagunanmu ta fito fili. Sai a ga yaron shago ya baro mai sayen kaya a ciki, ya sauko ƙasa, ya fita tsakar titi yana ɗaga na'ura sama kamar mai neman jinjirin wata, wai ko kuɗi za su shiga. Yawanci kamfanin waya ake tsine wa, kuma sau da yawa yana da nasa kason laifin. Amma idan sabis cike yake a bakin titi, ya kuma ɓace da an yi taku goma cikin gini, to ginin ne ya kamata a tuhuma.

Saƙon waya yana tafiya ne a kan igiyar rediyo, irin wadda ke kawo labarai cikin akwatin rediyo. Dattawan da suka saba kama tasha a gajeren zango, a kan mita 25 ko mita 49, sun san lissafin ko da ba su san sunansa ba, domin mitocin nan tsawon igiya guda ne. Wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 ta fara da megahaz 900 da 1800. Tsawon igiyar megahaz 900 kamar santimita 33 ne. Zangon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjonsa a watan Disamba na 2021 domin tsarin 5G kuwa, megahaz 3500 ne, tsawon igiyarsa bai kai santimita 9 ba. MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Irin wannan gajeriyar igiya tana ɗaukar saƙo mai yawa cikin hanzari, sai dai ba ta da juriyar ratsa bango kamar doguwar. Ke nan ci gaban da ake murna da shi ya fi tsohon tsari saurin gajiya a bakin ƙofa.

Yanzu a dubi yadda ake gina benen kasuwa. Bulon siminti, ginshiƙai na kankare cike da rodi, dakin a kan dakin, rufin kwano, sa'an nan kowane shago da ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi. Kankare yana shanye ƙarfin igiyar, ƙarfe kuwa mayar da ita yake yi inda ta fito, kamar yadda madubi ke mayar da haske. Tun a 1836 masanin Ingila Michael Faraday ya lulluɓe wani ɗaki da ƙarfe ya nuna cewa tasirin lantarkin da ke waje ba ya isa ciki. Maginanmu suna maimaita gwajinsa kullum ba tare da sun yi niyya ba. Manyan ofisoshin Abuja da Legas sun ƙara da nasu: gilashin da ke kare zafin rana yana da siririn shafe na ƙarfe wanda ido ba ya gani, shi ma yana tare sabis.

Akwai wani abin da ɗalibin ilmin halittu zai fi kowa saurin ganewa. Kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, ruwa kuma yana shan irin waɗannan igiyoyi. Saboda haka lungun da sabis ke da kyau da sassafe yana iya lalacewa da azahar, idan ya cika maƙil da mutane. Ga jikkuna suna tarewa, ga ɗaruruwan wayoyi suna rububin eriya guda. Malamin kimiyya zai iya nuna wa ajinsa wannan ba tare da kashe ko kwabo ba: a sa waya cikin tukunyar ƙarfe a rufe da murfi mai kamawa, a kira ta, a kuma zaga makaranta ana rubuta yawan sandunan sabis a fili, a cikin aji, da ƙarƙashin matakala.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Idan saƙo ya kasa ratso bango, sai a shigo da shi ta waya a raba shi a ciki. Ana jawo wayar faiba, wadda siririn zaren gilashi ne mai ɗaukar saƙo da haske, zuwa wani ƙaramin ɗakin na'urori, daga nan a rarraba ƙananan eriyoyi a silin na kowane hawa. Abin da wannan ke bukata daga mai gini kaɗan ne: bututun roba da aka binne cikin bango da dakin kafin a zuba kankare, hanya madaidaiciya daga ƙasa zuwa saman rufi, ɗaki mai iska da makulli, da wutar da ba ta yankewa, wadda a ƙasarmu ta fi yiwuwa ta zama ta hasken rana da batir. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin bututun roba bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da na siminti da rodi, amma bayan an yi shafe da fenti, an zuba 'yan haya, sai an fasa bango, an huda dakin, an tsayar da ciniki. Galibi mai gini ba ya yarda, sai a ƙare da wayoyi suna lilo a jikin tagogi. Ya kuma kamata hanyar ta zama ta kowa, kada a ba kamfani guda, domin masu sayayya ba layi ɗaya suke riƙe da shi ba.

Wasu 'yan kasuwa kan sayo na'urar ƙara ƙarfin sabis su kafa da kansu. Wannan dabara ce ta ɗan lokaci mai cutar da maƙwabta, domin na'urar da ba a daidaita ba tana dagula saƙon da ke komawa ga turken kamfani. NCC ta yi gargaɗi a kan amfani da su ba da izini ba.

To, ina batun lafiya? Tambaya ce da ta cancanci amsa, musamman bayan jita-jitar 2020 da ta danganta 5G da annobar korona. Ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo, kuma annobar ta yi ɓarna a ƙasashen da ba su da 5G ko kaɗan. Hasken da ke iya karya sinadarin gado na DNA shi ne irin na hoton ƙashi da wani sashe na hasken rana mai ƙuna. Hasken fitila ma ya fi igiyar 5G saurin kaɗawa fiye da ninki 100,000. Gaskiya ne a 2011 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa igiyoyin rediyo cikin rukunin abubuwan da ake zargi amma hujja ba ta yi ƙarfi ba. Sai dai babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakanin amfani da waya da sankarar ƙwaƙwalwa ba. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, waya tana ƙara ƙarfin saƙonta idan sabis ya yi rauni, shi ya sa take zafi, batir kuma ya ƙare da wuri. Eriya a silin tana sa wayar da ke jikin kunne ta rage nata ƙarfin.

Hukumomin da ke amincewa da zanen gini, irin su KNUPDA a Kano, suna duba tushe da magudanar ruwa da tazarar gini daga titi. Lokaci ya yi da za su riƙa neman ganin hanyar wayoyin sadarwa a zanen duk wani benen kasuwa, asibiti ko otal kafin su sa hannu. Lamarin ya wuce ciniki. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ya san cewa mai gadin da ya fara hango hayaƙi da tsakar dare yana bukatar kiransa ya fita daga inda yake tsaye, ba sai ya sauko hawa uku ya nemi fili ba.