Ra'ayinmu: Teku ɗaya, matafiya iri biyu

Duk watan Nuwamba, jiragen ruwa masu tafiya da iska fiye da 100 kan tashi daga Las Palmas, a tsibiran Kanari na Sifaniya, su nufi Saint Lucia a yankin Karibiyan. Tafiyar kusan kilomita 5,000 ce, mako biyu zuwa uku. Wasu matuƙan ma jirgin ne gidansu. Kafin a tashi sai an duba kayan ceto da na sadarwa, kuma kowa da fasfonsa.

A wannan tashar ce, cikin Nuwamban 2022, aka sauko da 'yan Najeriya uku daga kan ƙarfen juya akalar jirgin dakon mai Alithini II, bayan kwana 11 daga Legas, ƙafafunsu dab da ruwa.

Saurayin Kara-Kara da ke zaune a fada yana duba YouTube, bidiyon masu jirgi zai fi gani: rana na faɗuwa, ana gasa kifi. Ba wanda ke nuna masa cewa a 2024 ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙirga mutum fiye da 9,000 da suka halaka a hanyar Kanari.

Damagaram ta san wannan makoki. Mutum 92, akasarinsu mata da yara daga Kance, ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a 2013. Ba ma ganin laifin mai son fita. Amma 'yan uwa mazauna Turai, masu turo hoto da kuɗin mota, ku riƙa faɗa wa ƙannenku mutum nawa kuka tashi, nawa kuka isa.